Kwaskwarimar tsarin gyaran cikin gari: wa aka tambaya kafin a ja layi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan la'asar mai unguwarmu ya tara mu a ƙofar gidansa, ya ce wasu ma'aikata sun zo masa da taswira. Tsarin gyaran yankinmu na cikin garin Sakkwato da aka yi tun baya, za a yi masa kwaskwarima. Layin da aka ce kwata da kwalta kawai za a yi masa, yanzu faɗaɗa shi za a yi har ya haɗe da babban titi. Sun ce duk mai magana ya rubuta ya kai ofis cikin mako biyu. Taswirar kuwa sun naɗe abarsu sun tafi da ita. Mun kai mutum arba'in a wurin, babu wanda ya iya faɗin ta wane gefe aikin zai ci.

Gidanmu na gado ne, a zaurensa kakanmu ya karantar da almajirai, kuma ba mu da takardar mallaka. Ba gyara nake ƙi ba, Allah ya sani, duk damina sai mun tattare wando kafin mu isa masallaci. Amma me zan rubuta a kan abin da ban gani ba? Masana a cikinku ku taimaka.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ina bayan a buɗe hanya. Duk wanda ya tsaya ya ga gobarar Babbar Kasuwa ta ranar 19 ga Janairun 2021, ya ga yadda wuta ke tsallakawa daga rumfa zuwa rumfa, ba zai ƙara raina faɗin hanya ba. Akwai lungunan da ko Keke Napep ba ya shiga, balle motar kwana-kwana. Mace na naƙuda sai an tallafo ta zuwa bakin titi. Gawa ma da ƙyar makara ke juyawa a wata kwanar. Har yaushe za mu zauna haka?

Baban Ummi:
Alhaji, ban musa ko ɗaya ba. A buɗe. Amma a nuna min inda za a buɗe.

Injiniya Ƙarami:
Ni dai gaskiya wannan jin ra'ayin jama'a shi ke kashe ayyuka. A yi taro, a sake taro, kafin a gama farashin siminti da rodi ya ninka, ɗan kwangila ya ce kuɗin ba su isa ba, aiki ya tsaya. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin diyya, cikin dare za ka ga an ta da ɗaki a inda jiya turken akuya ne. Masu zanen nan karatu suka yi. A bar su su yi aikinsu.

Tsohon Safiyo:
Ɗana Injiniya, zauna in ba ka labari. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina jan tef a rana kafin in ajiye aiki. Karatu gaskiya ne, amma taswira ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Akwai wani aiki da muka yi, muka auna, muka zana kwata mai kyau, ruwa zai bi ta gabas. Wani dattijo yana zaune kan buzu ya kira ni, ya ce yaro, ruwan unguwar nan tun ina ƙarami yamma yake bi, akwai tsohuwar hanyarsa ƙarƙashin gidajen can. Na kai maganar sama, aka ce zane ya riga ya wuce. Damina ta farko ruwa ya bi hanyarsa ta yamma, ya kwantar da katanga uku. Kuɗin da aka kashe wurin gyara sun fi na taro goma. Har yau in na wuce wurin sai raina ya sosu, domin da kunnena na ji gargaɗin.

Ka tuna yadda garin nan yake zaune. Tsohon gari a kan tudu yake, ruwa kuma gangarawa yake yi ya nufi fadama, inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suke haɗuwa. Ruwan samanmu ba yawa gare shi ba, amma cikin 'yan watanni yake zubowa, wani lokaci na awa ɗaya ya cika gari. In ka shimfiɗa kwalta ka toshe ƙasar da ke shan ruwa, duk abin da ya sauka sai ya ruga gidan na ƙasa da kai. Shi ya sa wanda ke gangare ma yana da ta cewa, ko da aikin bai taɓa katangarsa ba.

Batun masu ta da ɗaki cikin dare kuwa maganinsa sananne ne. A sa rana, a zo da mai unguwa da limami, a ƙirga abin da ke tsaye, a ɗauki hoto, mai gida ya sa hannu. Abin da aka gina bayan ranar ba shi da diyya. Wannan ma ai da jama'ar ake yinsa.

Barista:
Baban Ummi, fara kwantar da hankalinka a kan takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, gaskiya ne. Amma sashe na 34 ya ce filin da ke cikin birni wanda aka riga aka gina kafin dokar ta fara aiki, mai shi zai ci gaba da riƙe shi kamar wanda gwamna ya ba shi izinin mallaka. Gidan da kakanka ya karantar a zaurensa ya girmi dokar nesa ba kusa ba. Rashin takarda bai mayar da ku baƙi ba. Sai dai ku nemi abin da zai tabbatar da tsufan gidan da masu shi: takardar rabon gado in an yi a kotu, shaidar mai unguwa da hakimi, tsofaffin rasiɗai.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a, hanya na ciki, amma sai an ba mai shi sanarwa. Jan fenti a bango ba sanarwa ba ce. Sashe na 29 ya yi maganar diyya, kuma a nan mutane ke shan mamaki: abin da aka gina ko aka shuka ake biya, ba darajar filin a kasuwa ba. Ka ga kenan mai ginin ƙasa a tsakiyar gari, wanda wurinsa ke da tsada amma gininsa ba ya da kuɗi a lissafin ma'auna, shi ya fi kowa cutuwa. Abin da za a ba shi ba zai saya masa fili ko a bayan gari ba. In an saɓa a kan adadi, sashe na 30 ya ce a kai wa kwamitin rabon filaye. Tsarin mulkin 1999 kuma, sashe na 44, ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya ba mutum damar zuwa kotu.

Saboda haka lokacin magana shi ne yanzu, tun layi yana kan takarda. In ya sauko kan bango, ciniki kawai ya rage.

Inno:
Salamu alaikum ɗiyana. Jikata ta rubuta min wanga saƙo. Ni ban san taswira ba, amma na san layinmu. Taron da anka yi, maza anka kira. Mu da ke cikin gida wa ya tambaye mu? Shekarata arba'in ina dakan hura cikin gidanga, da ita na aurar da ɗiya huɗu. Masu sayenta mutanen layinga na, da masu wucewa zuwa kasuwa. In anka ce in tahi bayan gari, an ba ni ɗaki, to wa za ya bi ni can da kwanonai? Maƙwabciyata ƙuli-ƙuli takai, waccan daddawa, waccan kitso. Ba mu da shago balle a ƙirga shi. Ku hwaɗa musu su aiko mata 'yan uwanmu su shigo cikin gida su ji mu.

Maman Hafsat:
Allah ya ƙara girma Inno, kin faɗi abin da ke raina. Kuma a ƙara da 'yan haya. Mu haya muke, shekara tara a gida ɗaya. In an rushe, mai gida za a biya, mu kuwa sai dai mu ɗaure kaya. Yarana uku a Islamiyyar layin suke, makarantar bokonsu da ƙafa suke zuwa. Babu wanda zai rubuta wannan a takardar diyya, amma shi ne rayuwarmu.

Injiniya Ƙarami:
Inno, Allah ya ba ki haƙuri, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Amma Baba Safiyo, har yanzu tambayata tana nan. In mutum ɗari suka kawo ra'ayi ɗari, na wa za a ɗauka? Kowa cewa zai yi a ci gefen maƙwabcinsa.

Tsohon Safiyo:
Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba, ɗana. Zaɓi ake kawowa a baje. Titi mai layi biyu, na zuwa da na dawowa, yadda aka saba yinsa a ƙasar nan mita 7.3 ne kwaltarsa kaɗai. Ka ƙara kwata hagu da dama, ka ƙara wurin masu tafiya da ƙafa da turakun wuta, ka doshi mita 12. A cikin tsohon gari wannan rushe gidaje ne jere guda. Amma in buƙatar ita ce motar kwana-kwana da ta asibiti su shiga, kamar yadda Alhaji ya ce, hanya mai mita 4 da babu tebur babu tarin yashi a kanta ta wadatar. Sai a mai da layin mai hannu ɗaya, na kusa da shi ya zama na dawowa, a rufe kwata da sulab a riƙa takawa, a yanke kusurwoyin da suka yi tsini. Wataƙila zaure biyar za a taɓa maimakon gida hamsin. Wannan zaɓin ba ya fitowa sai an zauna da masu wurin an tambaye su me ke damunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa:
To in haka ne ni ma na yarda. Buƙatata mota ta shiga, ba sai an yi mana titin Abuja ba. Amma maganar tebur da ka yi, a yi hattara. Masu teburan nan 'ya'yanmu ne, da shi suke ci. A nuna musu inda za su koma tukuna, kusa, ba inda ba mai saye ba.

Sani Kabu-kabu:
Mu ma a tuna da mu. Duk gyaran da aka yi ba a ware mana wurin tsayawa, sannan a ce mun tare hanya. Mu muka san wane layi ke cushewa ƙarfe bakwai na safe, wane ke cushewa ranar Juma'a in an taso daga Masallacin Shehu da na Sultan Bello. A tambayi shugabannin tasha, kyauta za su faɗa.

Malama Mai Tarihi:
Ina biye da ku tun safe, sai yanzu na samu zama. Akwai abin da nake so a saka cikin lissafi. Cikin garin Sakkwato ba kamar kowace unguwa ba ne. Muhammadu Bello ya kafa birnin nan a 1809, Shehu ya dawo cikinsa daga Sifawa, a nan ya rasu a 1817, ga Hubbare nan mutane na zuwa ziyara daga Nijar da sauran ƙasashe. Ganuwa ta tafi, sai sunayen ƙofofi suka rage mana: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kade, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Aliyu Jodi. Yara da yawa yau sunan unguwa kawai suka ɗauke su. Lungunan da muke kuka da ƙuncinsu, wasu tun wancan zamani suke, kuma sunayen wurare irin su Marina suna gaya maka sana'ar da aka yi a wurin.

Ba cewa nake a bar mutane cikin ruwa saboda tarihi ba. Cewa nake a san abin da za a taɓa kafin a taɓa shi. Akwai zaurukan da aka yi fiye da shekara ɗari ana karatu a cikinsu, akwai gidajen da ke da kabarin malami a ciki, akwai tsofaffin rijiyoyi, akwai gidajen da ke ajiye da littattafan hannu. Direban katafila ba zai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. A Kano an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, an sake gina wata, amma ta asalin ba ta dawowa. Muna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a garin nan, muna da masana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da hakimanta. Takarda ɗaya za a rubuta musu a ce ga layin da muke nufi, me ke kansa?

Sannan itatuwa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, dogon yaron da ya shekara hamsin ba ƙaramin dukiya ba ne. A ƙarƙashinsa mai faci yake, da mai shayi, da tsofaffin da ke jiran azahar. In za a sare goma a rubuta inda za a dasa wasu da wanda zai ba su ruwa.

Tsohon Safiyo:
Malama ta taɓo rabin maganar da ba a cika yi ba, wato su kansu hukumomi. Mutane na ɗauka gwamnati abu ɗaya ce. Ofisoshi ne barkatai, kowa da taswirarsa, wani ma ba shi da ita, a kan wani tsohon ma'aikaci take. Masu ruwa sun san inda bututunsu ya bi. Masu wuta suna da turaku da taransifoma. Kamfanonin waya sun binne igiyoyinsu. Masu kwashe shara na buƙatar wurin da motarsu za ta juya, 'yan kwana-kwana na buƙatar wurin ɗiban ruwa. Ga ƙananan hukumomi, cikin gari kaɗai ya rabu tsakanin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, gefensa ya shiga Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Da idona na ga an gama kwalta sumul, ba a yi wata uku ba aka zo aka tsaga ta don a sa bututu. Na kuma ga turken wuta tsaye a tsakiyar sabon titi domin ba a sa kuɗin matsar da shi cikin kwangila ba. Duk wanda zai rubuta takarda ya tambaya: an aika wa waɗannan da sabon zanen? Me suka amsa? Amsarsu ma a karanta wa jama'a.

Barista:
Ƙarin bayani kan tambayar Injiniya. Jin ra'ayin jama'a ba alfarma ba ce da wani ya ƙirƙiro jiya. Dokar tsara birane ta tarayya mai lamba 88 ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari mutane su gani su kawo ƙorafi a rubuce, ta kuma ce kafin a ayyana unguwa a matsayin wurin da za a gyara sai an sanar da mazauna an zauna da su. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Don haka dokar jiha ita ce abin dubawa, kuma zan nemo ta in karanta kafin in ce muku ga abin da ta ce. Amma ko ba komai, waccan ta nuna yadda ake yin abin a ƙa'ida.

Abin da ya sa nake matsawa a kan rubutu: a Maroko ta Legas, a Yulin 1990, kwana bakwai aka ba mutane, aka rushe unguwar da ke ɗauke da dubban ɗaruruwan jama'a, aka shafe shekaru ana shari'a. Ba ina kwatanta namu da wancan ba ne, Allah ya kiyaye. Nufina shari'ar bayan rusau ba ta mayar da gida.

Maman Hafsat:
Barista, to mu da ba mu iya Turancin ofis ba fa?

Barista:
Ku rubuta da Hausa, ko da ajami ne. A yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi. Kuma takarda ɗaya mai hannun mutum sittin ta fi sittin da ke karo da juna. Ga abin da zan sa in ni ne: a manna taswirar a ƙofar gidan mai unguwa da harabar masallaci, tsohon zane da sabo gefe da gefe, a nuna abin da ya canza da dalilinsa. A fara ƙirga mako biyun daga ranar da aka manna, ba daga ranar da aka zo aka naɗe ba. A yi zama a cikin unguwa da harshen da kowa ke ji, a yi na mata daban. A ƙirga 'yan haya da masu sana'ar cikin gida. A ƙarshe a ba da amsa a rubuce, wannan mun ɗauka, wannan ba mu ɗauka ba saboda kaza.

Injiniya Ƙarami:
Wannan na ƙarshen shi ne zai yi wuya, amma shi ya fi muhimmanci. In an san dole a ba da dalili, zanen ma sai an fi kula da shi. Ni har yanzu ina tsoron jinkiri, don na ga ayyukan da suka mutu a kan teburin taro. A sa wa'adi, wata ɗaya ko kwana arba'in, in ya cika a yanke. Baban Ummi, in kun samu taswirar ku turo min, zan fassara muku ma'aunin in zana zaɓin hannu ɗayan da Baba ya faɗa, ku haɗa da takardarku.

Mai Kula da Zaure:
Tunatarwa: kada a sa sunan wani ma'aikaci ko lambar wayarsa a nan, kuma a bar siyasar jam'iyya a waje. Na goge saƙo biyu. A ci gaba.

Baban Ummi:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Yau da hantsi mun je mu huɗu tare da mai unguwa. An karɓe mu da mutunci, ba su ba mu taswirar ba amma sun bari mun ɗauki hotonta. Yadda na fahimta, gefenmu za a ci, kusan mita 2 daga zaurenmu, gidaje goma sha ɗaya a jere, har da Islamiyyar da Maman Hafsat ta ambata. Mun tambaya ko masu ruwa sun ga zanen, wanda muka samu ya ce zai bincika. Mun roƙi ƙarin lokaci, ya ce mu sa a rubuce.

Injiniya, na tura maka hoton. Barista, daren nan za mu rubuta daftarin in turo ka duba. Inno, matata da ƙanwata za su zaga gidaje gobe da littafi su rubuta sana'ar kowace mace da abin da take so a faɗa, za su fara da gidanki. Baba Safiyo, in jikinka zai ɗauka, muna so ka zo ranar Asabar bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, mu auna layin da kanmu tun daga bakin titi har kwanar masallaci.

Tsohon Safiyo:
Zan zo in sha Allahu. Tef ɗina mai mita 50 yana nan. Ku samo min yara biyu masu riƙe bakinsa, da dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin, ya nuna min inda ruwa ke bi.